Rikodar Inna Hansai

Washegarin da alhazai suka gama jifa, a shekarar da na shiga aji uku, Inna Hansai ta dawo daga aikin Arfa da wani ƙunshi a ka. Ina zaune a ƙofar gidanmu da ke unguwar Zahir a Makka na ga ta sauke shi a hankali kamar mai sauke ƙwai. Hannayenta sun yi kaushi saboda wankin tukwane, idanunta sun yi ja don gajiya, amma sai murmushi take yi. Da ta kwance zanen, sai ga tsohuwar rikoda da kaset-kaset a leda, waɗanda wata hajiya 'yar garinsu ta bar mata. Ko ruwa ba ta sha ba ta danna. Kiɗan ƙwarya ya tashi, muryoyin mata suka biyo baya, sai ga tsohuwar nan ta miƙe tana taka rawa a tsakar gida, hawaye na bin kumatunta.

Inna Hansai 'yar uwar kakata ce, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Hajji ya kawo ta, ta yi zamanta ba tare da igama ba, wato takardar izinin zama. Ɗakinta yana saman benen gidanmu kusa da tankin ruwa. Da safe takan toya ƙosai ta dama kunu ta kai wa 'yan unguwa, da yamma mata su hau wurinta kitso. Ni kuwa a lokacin Hausa ta kusa kuɓuce mini. A Makka aka haife ni, Larabci nake yi a titi da makaranta, kuma tun ranar da wata 'yar ajinmu ta ji ni ina magana da Umma ta kwaikwayi bakina har sauran yara suka yi dariya, na ɗaure harshena. In an yi mini Hausa a gida, da Larabci nake amsawa.

Baba direban motar haya ne, mutum mai tsanani da ƙarancin magana. A Sudan aka haife shi, iyayensa suna kan hanyar tafiyar ƙasa zuwa Makka. Da ya ji kiɗa a gidansa sai ya hau benen ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, nan fa garin Harami ne. A rage sauti, in an kira salla kuma a kashe." Ta ce, "To, ɗana. Ai ko a can gida haka muke yi."

Inna ba kowace waƙa take so ba, tana da zaɓaɓɓunta. Sai ta sa Umma ta aro rikodar maƙwabta, aka haɗa su baki da baki, ɗaya tana yi ɗaya tana ɗauka. Da yake idonta ya yi rauni, ni aka ɗora wa danna jan maɓalli. Haka muka haɗa mata kaset na suyar ƙosai, wanda kalangu ya cika, da na wanki mai gangar noma, da na kitso mai goge da kukuma, da wani na garaya da take sawa idan kewar gida ta taso mata. A cikinsu duka ana jin kukan tantabarun benenmu da hon ɗin tankar ruwa, don ba mu da yadda za mu hana su shiga.

Aikin nan sai da saurare, domin in ban san inda waƙa ta ƙare ba zan yanke ta a tsakiya, Inna ta harare ni. A haka kalmomi suka fara maƙale mini a kunne. In na tambaye ta ma'ana da Larabci, sai ta ci gaba da kitsonta kamar ba ta ji ba, can ta ce, "Ramlatu, tambaye ni da bakin uwarki in gaya miki." Dole na koma. Daga bakinta na san gayya, yadda samari ke jeruwa a gona makaɗi na zuga su daga baya, na san ƙamshin ƙasa a ruwan fari, na koyi gane habaici a cikin yabo. Ta kifa ƙwarya a bahon ruwa ta koya mana kiɗa ni da 'yan matan layinmu, muna tafa gaɗa a hankali don kada Baba ya ji. Takan ce, "Wanda bai san kiɗan gidansu ba, kowace ganga ya ji sai ya bi ta."

Wata safiya ta fita da bokitin kunu ba ta dawo ba. Masu binciken takardu sun tsayar da ita, aka wuce da ita tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Baba ya ajiye aiki ya yi ta zirga-zirga, amma abin da ya samu kawai shi ne damar miƙa mata kayan sawarta. Ya dawo da saƙo ɗaya: rikoda da kaset-kaset na Ramlatu ne. Na kai su ɗakinmu na rufe da zane, na kasa kunnawa.

Bayan wasu makonni Baba zai kai ni unguwar Shisha wurin 'yan uwa, sai ya ce in ɗauko kaset ɗin wankin nan. Na ɗauka yar da shi zai yi. Muna hawa titi ya tura shi a rediyon mota. Gangar noma ta cika motar, can sai ya gangara gefe ya tsaya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Ubana da wannan kiɗan ya yi noma," ya ce. "Ni ko fartanya ban taɓa riƙewa ba."

Na ce, "Baba, Inna ta ce kowa yana da gona a can, ko da bai taɓa ganinta ba."

Ya juyo ya daɗe yana kallona, domin ya manta rabon da ya ji na haɗa masa magana da Hausa. Sai ya goge fuska da gefen rawaninsa, ya sake kunna kaset ɗin daga farko, muka ci gaba da tafiya.

Inna ta rasu a ƙauyensu bayan wasu shekaru. Kafin nan mun yi waya, na gaishe ta tiryan-tiryan, ta yi ta dariya wai har yanzu Hausata tana ƙamshin Larabci. Yau a wayata ina da jerin waƙoƙi na girki da na hanya, na tsofaffin makaɗa da na matasa masu rera da Hausa da Fulatanci da Barbarci, kuma 'ya'yana sukan saka nasu a ciki. Komai yana zuwa tas, babu ƙara, babu jira. Sai dai idan ƙaramarsu ta ɗago kai ta tambaye ni ma'anar wata kalma, nakan ji ƙarancin abin da na sani, in tuna yawan abin da ban tambaya ba. Ɗan abin da na samu nake ba ta, ina godiya. Allah ya jiƙan Inna Hansai, ita ta mayar mini da bakina.