Rakiyar Baba Sebastian

Duk ɗalibin da ya karanta zanen gine-gine a Samaru a shekarun nan, in ya ce bai san Baba Sebastian ba, to ko dai ƙarya yake yi, ko kuma bai kai ajin ƙarshe ba. Shagonsa yana bayan kasuwar Samaru, ɗan matsattse, tsakanin mai walda da mai injin niƙa. Sana'arsa haɗa samfurin gini. A kawo masa zane a takarda, ya tayar da shi da kwali da gam da reza, gida ne ko asibiti, har ka ji kamar ka sunkuya ka shiga. Ɗalibai modal suke ce wa abin. Shi kuwa gini yake cewa, kuma in ka dafa masa rufi da yatsa sai ya buge maka hannu ko kai wane ne.

A Sabon Gari aka haife shi, a gidajen ma'aikatan reluwe, inda mahaifinsa ya taso daga kudancin Kaduna ya kama aikin gyaran layin dogo. Tashar jirgin ƙasa ce ta raine shi. Can ya ga yadda ake tafiya: mutum ɗaya za shi Legas, amma gida guda ne za su kwaso su rako shi har bakin tagar tarago, ana miƙa masa rake da dafaffen ƙwai, ana maimaita masa saƙon da aka riga aka faɗa masa a gida, jirgi ya tashi ana binsa da sassarfa. A wurin Sebastian, tafiyar da ba a kai mutum har ƙofar abin hawa ba, kora ce kawai. A nan kuma ya fara haɗa jirgin ƙasa da karan dawa, har wani malamin jami'a ya gani ya kai shi ɗakin aikin katako na sashen zanen gine-gine. Can ya yi aikinsa har ya yi ritaya ya buɗe shago.

Aibinsa ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: ba ya iya miƙa gini babu mutane. Da totuwar kara yake sassaƙa su, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ya shafa musu fenti da tsinken ashana. Kuma ba tsayuwa kawai suke yi ba. Wannan ta zo dubiya, wancan ya makara wurin aiki, waɗannan biyun ba sa ga-maciji. Matarsa Winifred, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, takan ce da a ce yana kula da mutanen gidansa kamar yadda yake kula da na kara, da tuni an gyara mata ƙofar kicin. Har yau ba a gyara ba.

'Ya'yansa maza duk sun watse, wannan Fatakwal, wancan Abuja, sai Kirsimeti ake ganinsu. Auta ce ta rage, Jemimah, wadda ta karanta aikin injiniya. Ita ce hasken idonsa, ba ya ma ɓoyewa. Da ta gama bautar ƙasa sai Injiniya Bappa, wani dattijo mai ƙaramin kamfani a Palladan, ya ɗauke ta aikin gwaji. Kullum da la'asar takan biyo ta shagon, ta zauna a kan benci tana cin gyaɗarsa, tana yi masa tsiya cewa hasumiyarsa ta karkace.

A shekarar 2006 wani kamfani a Legas ya kira ta aiki. A daidai lokacin kuma kamfanin Injiniya Bappa yana neman aikin zanen gyaran ginin fasinjoji na wani ƙaramin filin jirgin sama a wata jiha ta Arewa. Sun yi zanen share fage, amma cikakken zanen injiniya, na ginshiƙai da lantarki da magudanar ruwa, sai kwamitin jihar ya amince ya saki kuɗinsa. Injiniya Bappa ba mutumin kwana-kwana ba ne. Ya zo shagon da kansa ya ce, "Malam Sebastian, in kuɗin nan ya fito, zan riƙe Jemimah, akwai aikin da zai ɗauke mu shekaru. In bai fito ba, ba zan tare mata hanyar Legas ba, don ba ni da abin ba ta. 'Yan kwamitin kuwa yawancinsu ba sa karanta zane. Sai sun ga abu da idonsu. Ka yi mana gini."

Sebastian bai ma tsaya jin farashi ba. Ya sallami ɗalibai, ya ce su je wani wurin, shi yana da aikin 'yarsa.

Abin da ba wanda ya yi tunanin tambayarsa shi ne ko ya taɓa shiga filin jirgin sama. Bai taɓa ba. Jirage kam ya san su, tun da kullum ƙananan jiragen masu koyon tuƙi na Palladan suna wucewa ta kan shagonsa, sai dai ƙarƙashinsu kawai ya sani, daga ƙasa. Amma ba shi da wata damuwa. Tasha dai tasha ce.

Kai, ginin ya yi kyau. Rufin kamar ka taɓa ka ji zafin kwano, tagogin da farar roba mai ɗaukar ido, ga hasumiya a miƙe sambal, ga jirgi fari a tsaye a fili. Jemimah ta zo ta auna komai da abin awonta, ta rasa abin tsiya, sai ta rungume shi ta baya. Ta ce, "Baba, saura mutane. Ka sa kaɗan, don a gane girman ginin. Kaɗan fa."

Ya ce, "Na ji, kaɗan."

To, kaɗan ɗin Sebastian ke nan. Ya fara da fasinja ɗaya, wata yarinya da jaka a gindin matakalar jirgi. Ya dube ta ita kaɗai a wannan ƙaton fili sai tausayi ya kama shi. Ya sa mata uwa. Uwa kuwa ba ta zuwa ita kaɗai, ya sa inna da kawu. Daga nan abin ya ƙwace masa. Matan zumunta da ankonsu suka jeru a ƙarƙashin fiffike, wani tsoho yana miƙa ƙunshin kilishi ta tagar jirgi, yara suna gudu a kan titin da jirgin zai bi, mai gasa masara ta kafa murhunta dab da injin. Cikin ginin fasinjojin, wanda aka yi duk wahalar dominsa, ba kowa sai mai shara. Ya ja baya ya duba, ransa ya yi fari. Saboda hanya ba ta da kyau ya rufe akwatin da katako ya buga ƙusa, direban Injiniya Bappa ya zo ya ɗauka.

A gaban kwamiti aka ɓalle murfin. Abin da ya faru, direban ne ya fara kawo wa Sebastian labari, don bakinsa ba ya riƙe magana. Ya ce da farko kowa ya matso ya leƙa. Sai wani ya fashe da dariya, saura suka bi. Amma jami'in da ke kula da tsaron filin bai yi dariya ba. Ya tambaya ko nufin kamfanin shi ne jama'a su riƙa shiga har gindin jirgi, a wannan zamani da ko ɗan makullin mutum sai an bincika. Jemimah ta miƙe ta yi bayani, ta nuna shinge da ƙofofin bincike a zanenta. Sai dai har aka tashi, zancen mai gasa masara ake yi. Kwamiti ya ce za a sake duba batun kuɗin a kasafin baɗi.

Sebastian ya zauna a kan benci, reza a hannu, ya rasa abin da zai yanka. Kunya ce da baƙin ciki suka haɗu masa, irin waɗanda bai taɓa ji ba. Injiniya Bappa ya zo daga baya ya ce, "Malam Sebastian, kada ka ɗora wa kanka. Ina jin ko mala'iku ka jera musu, kuɗin nan ba bana zai fito ba." Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila kara ce irin ta dattawa. Sebastian dai ya yi godiya, bai yarda ba.

Ita Jemimah da la'asar ta biyo kamar kullum, ta zauna ta jawo kwanon gyaɗa. Ya kasa kallonta.

Ya ce, "Na ɓata miki aiki."

Ta ce, "Baba, na ce kaɗan."

"Kin ce."

"Wace ce mai jakar nan a gindin matakala?"

Ya ce, "Ai ba a barin yarinya ita kaɗai a fili haka."

Ta so ta yi fushi, ta taho da fushin ma tun daga mota, amma dariya ta riga shi fitowa, hawaye na biye. Ta ce Mama ta yi gaskiya, shi dai ba ya jin magana.

Kamfanin Legas ya aiko mata da tikitin jirgin sama daga Kaduna. Winifred ta ce ita ba za ta iya rakiya ba, ta yi sallamarta a gida ta shige ɗaki. Sebastian ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki jakar, ya hana kowa taɓawa tun daga Sabon Gari. A mota yana ta faɗa mata abin da ya riga ya faɗa mata: ta nemi coci, ta riƙa cin abinci, kada ta amince wa direban tasi.

Da suka isa filin jirgin, a ƙofar shiga wurin bincike wani ma'aikaci ya ɗaga masa hannu cikin ladabi. "Baba, tikiti?"

"Ba ni ne mai tafiya ba. 'Yata ce, rakiya na yi."

"To, nan ne iyakar 'yan rakiya, Baba."

Sebastian ya leƙa ta bayan mutumin. Ba jirgi, ba fili, sai bango da wata ƙofa. Ya dubi Jemimah ya ce, "To in kin shiga, wa zai ɗaga miki hannu?"

Ta karɓi jakar daga hannunsa a hankali, sai da ta ɗan ja kafin ya saki. Ta durƙusa ya dafa kanta ya sa mata albarka, ta tashi ta shiga layi. Ta waiwayo sau ɗaya, ƙofar ta rufe.

Bai tafi tashar mota ba. Ya fita wajen da ake ajiye motoci ya tsaya a rana, har ya ji ƙara ta cika wurin, wani jirgi ya ɗago ta bayan ginin. Ya tambayi wani direba da ke kusa ko na Legas ne, direban ya ce wallahi bai sani ba. Sebastian ya cire hularsa ya ɗaga hannu sama, yana ta kaɗawa har jirgin ya ɓace.