Gawayin Kawu Ila a Jikin Rumbu

Har gobe ban manta da ranar da Kawu Ila, ƙanen mahaifiyata, ya kunyata na'urar Turawa da gawayi ba. Shekarun fari ne, ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin yanayi, na dawo daga kos a waje, kaina ya kumbura.

Ku yara, ga yadda abin yake. Ana zuba wa kwamfuta lissafin iska da zafi, ta ƙaga daminarta a ciki. Aka aiko mana takardun sakamakonta, oga ya ce in gwada su da ruwan ƙauyuka. Cikin takardun akwai wata ƙatuwar iska mai tasowa daga gabas, wajen Cadi, tana ratsa mu duk kwana huɗu ko biyar. Ruwa kuwa, na'urar ta ce yayyafi kullum.

Na hau babur sai ƙauyenmu, bayan Minjibir. Kawu na da tiya ɗaya tak ta irin gero, an ci sauran. Na ce, "Kawu, yi binne kawai." Wato ya shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya jira ruwa. "Na'ura ta ce kullum za a samu."

Ya dube ni. "Ɗan boko, yayyafi ai shi ke kashe binne. Ya tsiro, rana ta ƙone shi. Na'urar taka ta taɓa riƙe fartanya?"

Ya ja ni bayan rumbu. Ashe duk ranar da aka yi ruwa mai jiƙa ƙasa sai ya ja layi da gawayi a jikin rumbun, ranar da babu ya ɗiga. Damina uku! Na fara ƙirga kwanaki daga layi zuwa layi. Huɗu, biyar, huɗu. Wallahi sai da na yar da hula! Tazarar iskar nan ce sak. Na'urar ta kamo tafiyar iskar, amma ruwan da hadari ke jugewa lokaci guda, ita na'urar ta barbaɗa shi kullum kamar gishiri.

"Kawu, kar ka binne!"

"Da ma wa ya ce zan binne?"

Ya jira babban ruwa ya shuka. Kwana biyar wani ya biyo, geron ya kama.

Na kwafe layukan na kai wa oga, ya aika wa masu na'urar. Tun ranar, in takarda ta zo, sai na leƙa bayan rumbu kafin in buɗe baki.