Sunan Ɗan Farin Gwaggo

A shekarar da gwaggona ta yi niyyar Makka, ni ne na fi kowa ilimi a unguwarmu ta Ngojin, domin ni kaɗai nake riƙe takardar Turawa kanta yana sama. Aji uku na yi a elementare kafin malaminmu ya roƙi ubana ya ɗauke ni, don sauran yara su samu su yi karatu. Da wannan aji ukun aka naɗa ni mai shirya ayari. Ba ni cikin matafiyan. Aikina kawai in ga mutum goma sha huɗu sun bar Potiskum da takardun da za su ratsa da su ƙasar da Faransa ke mulki har su kai Sudan.

Da can tafiya Makka ba ta da takarda. Kakana sanda ya ɗauka da buta ya ce sai ya dawo, ya kuwa dawo bayan shekara tara da Larabcin da bai wuce na cinikin albasa ba. Amma a zamaninmu akwai wani ofis a bayan gari, mai rufin kwano, inda doka take yin ƙwai kamar kaza. Duk safiyar da na je, sai na tarar da sabo, da ɗuminsa.

Da farko aka ce dangwala yatsa ya isa. Na kwashi ayari muka je, kowa ya dawo da babban yatsa shuɗi. Bayan mako guda aka ce yatsa ba ya nuna fuska, sai an yi hoto. Muka samo mai hoto daga Jos, ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Wani dattijo manomi daga Mamudo ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce shi bai yarda da mutumin da sai ya ɓoye kansa sannan zai dube ka ba. Mutum huɗu suka riƙe shi. Da hotunan suka fito, duk iri ɗaya ne, baƙi ƙirin da idanu biyu, sai da hula muka riƙa gane masu su. Muna gama rabawa aka aiko cewa ba a karɓar hoto da hula. A karo na biyu na zube su a tabarma na ce kowa ya ɗauki wanda ya fi burge shi.

Sai lamba a dantse, sai wata allura a bayanta, sai shekarun haihuwa. Duk ayarin nan a shekarar fari aka haife su, har da waɗanda suke uba da ɗa. Na riƙa duban gemu ina yanka wa kowa shekarunsa. Gwaggo ta ce ita dai ta san ta kai arba'in. Ɗanta na fari, wanda shi ne muharraminta a tafiyar, yana zaune can gefe, dillalin shanu ne, ya haura hamsin, furfura ta ci rabin gemunsa.

Shi wannan taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, saboda haka ba ma raga wa juna. Na ce masa, "Bawana, ashe ka girmi uwarka da shekara goma."

Ya ce, "Rubuta haka nan. Takardar da kai ka cika, ai ba abin da Bature ba zai gani a ciki ba."

Kowace la'asar nakan tara su a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu mu yi gwaji. In kifa ƙwarya a kai ta zama hular Bature, in toshe hanci in yi tambaya. Mene ne sunanka, ina garinku, ina za ka. Sai da na yi kwana biyar kafin na hana dattijon Mamudo amsa "ina za ka" da "inda Allah ya kai ni."

Saura kwana shida motar ta tashi, kazar ta sake yin ƙwai. Akawun ofishin, wani mutumin Kudu mai alƙalami uku a aljihu, ya ce an samu masu ɗaukar matan da ba nasu ba suna rubuta su a matsayin iyaye da ƙanne. Saboda haka daga yau kowace mace za ta zo gaban Bature ta faɗi sunan muharraminta da bakinta. Ba miji zai faɗa ba, ba ɗa ba, ba mai shirya ayari ba. Wadda ba ta faɗa ba, babu hatimi a fasfonta, babu hawa mota.

Na fito ina share gumi. Gwaggo tunda ta haifi mutumin nan ba ta taɓa faɗin sunansa ba. "Wancan" take ce masa. Idan ranta ya yi daɗi ta ce "mai shanu". Ko magana za ta yi masa, sai ta juya wa bango ko akuya ta faɗa, shi ya tsinta. Akwai wani mai sayar da gishiri a kasuwa da suke suna ɗaya, shekara talatin tana sayen gishiri a wurinsa tana kiransa "takwaran wancan".

Ga shi ta riga ta gama shiri. Ta busar da kuɓewa, ta ɗaure likkafaninta a ƙasan kaya, ta bi unguwa gida-gida ta nemi gafara, har da matan da ita ya kamata su nemi tata. Gwiwoyinta sun soma ƙin ta, idonta ɗaya ya yi hazo. Kowa ya san idan motar bana ta wuce ta, ta baɗi ba za ta iya hawa ba.

Da na gaya mata dokar, sai ta ce, "Shi Baturen ba shi da uwa ne?"

Na ce, "Yana da ita, Gwaggo. A can ƙasarsu uwa takan tsaya a bakin titi ta ƙwala wa ɗan farinta kira da sunansa."

Ta ce, "Shi ya sa suka baro garin nasu."

Na gwada duk dabarata. Na ce ta faɗi rabin sunan, ta yi tari, ta faɗi sauran rabin. Ta ce tarin kawai za ta iya. Na ce ta rufe ido ta faɗa. Ta ce kunnenta fa, wa zai rufe mata. Na kifa ƙwaryata na toshe hanci na tambaye ta da muryar Bature, ta cire ƙwaryar ta ce in mayar inda na ɗauko, ta nono ce. Taubashina kuwa ya daina dariya. Ya same ni a zaure ya ce idan abin ya gagara, shi ma ya fasa, kada dai a matsa mata.

Ana saura kwana biyu, na bi ta bayan ɗakinta da magariba, sai na ji tana salla. Wata gajeriyar sura take karantawa a hankali, wadda ta ƙare da sunayen Annabawa biyu. Na tsaya cik. Na biyun shi ne sunan taubashina. Ashe kullum sai ta faɗe shi, shekara hamsin, ba wanda ya lura.

Tana sallamewa na shiga na ce na kama ta.

Ta ce, "Kai dai ba ka da kunya. Wannan Annabin Allah ne, ina ruwansa da mai shanu."

Na ce, "To, Annabin za ki faɗa wa Bature. Karatu za ki yi masa, ba kiran kowa ba."

Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce in tanadi buta, ita ba ta karatu ba alwala.

Washegari muka je ofis mu duka. Baturen dogo ne ja, Hausarsa ta littafi ce, irin wadda ake ci jarrabawa da ita, kowa "kai" yake ce masa, mace da namiji. Matan da ke gaban Gwaggo su uku da mazansu za su tafi, kowacce sai da ta rufe fuska da mayafi ta faɗi sunan kamar ana zare mata haƙori. Aka zo kan Gwaggo.

Bature ya ce, "Tsohuwa, ina gajiya. Wane ne zai kai ka Makka?"

Gwaggo ta nemi wuri ta zauna a ƙasa, ta gyara lulluɓi, ta yi bisimilla, ta kama sura daga farko. Bature ya dubi akawu, akawu ya dube ni. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, amsar tana tafe. Tana can ƙarshe."

Masinjan ofishin, wani tsohon Babarbare, ya tuɓe takalmansa. Da Bature ya ga haka, shi ma ya cire hularsa ya ɗora a tebur. Gwaggo ba ta yi sauri ba, kowace aya sai ta ja ta yadda aka koya mata tana yarinya. Da ta kusa ƙarshe na ji muryarta ta soma rawa, na ce a raina shi ke nan, za ta haɗiye. Ta faɗi suna na farko. Ta numfasa. Ta faɗi na biyu, sarai, har na bakin ƙofa suka ji.

Taubashina yana tsaye a bayanta da hularsa a hannu. Mutumin da ke tsawata wa bijimi har bijimin ya durƙusa, sai ji muka yi ya ce, "Na'am," da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba.

Gwaggo ba ta waiwaya ba. Ni ta duba ta ce, "Gaya wa wancan ba da shi nake ba."

Bature ya tambayi masinja abin da ya faru, masinja ya yi masa bayani da Hausar Barebari, wadda ta fi tasa karkacewa, amma suka fahimci juna. Ya ɗauki hatimi ya buga, ya ce a duk matan da ya tambaya, wannan ne kaɗai ɗan ya amsa. Akawu kuwa, don kada ya yi kuskure, ya rubuta sunayen biyu duka, saboda haka taubashina ya tafi Makka da Annabi guda fiye da yadda aka raɗa masa.

Motar ta tashi ranar Alhamis da Gwaggo a gidan gaba, ƙullin kuɓewarta a cinya. Mako biyu bayan haka na je ofis wani aiki, akawu ya ce an janye waccan dokar, yanzu tsawon mutum ake aunawa. Da ayari ya dawo na tambayi taubashina ko an sake tambayarta a hanya. Ya ce daga Yarwa har bakin teku ba wanda ya tambaya, masu duba fasfo ma hoton suke kallo su ce ya yi kama.

Har ta bar duniya Gwaggo ba ta yarda ta faɗi sunan ba, ta ce karatu ta yi, kuma akwai shaidu. Sai dai tun dawowarsu Alhajin ya tsiri wata al'ada, kullum da magariba sai ya sami abin dubawa a garken da ke bayan ɗakinta. Ta gane. Ba ta sauya surar ba, ta dai ƙara murya kaɗan, wai kunnenta ne ya yi nauyi.