Littafin Maigidana da Jakar Daddawa

Shekarun baya, ina ƙaramin ma'aikaci a asibitin dabbobi, aka tura ni taron ma'aikatan lafiyar dabbobi a Enugu. Ba wai don na fi kowa ba. Maigidana aka gayyata, likitan da ya koya mini aiki, sai Allah ya yi masa rasuwa kafin taron. Ya bar wani littafi mai baƙin bango, inda ya yi shekara da shekaru yana rubuta abin da ya gani na ciwon huhun shanu a rugage. Matarsa ta ciro shi daga ƙasan akwatinta ta miƙo mini. "Ka je ka karanta musu da sunansa," ta ce, "amma don Allah ka dawo mini da shi. Shi kaɗai ne rubutun hannunsa da ya rage mini." Ni kuma, tsabar wayo, ko hoton shafi ɗaya ban ɗauka ba.

Kun san halinmu, ba a zuwa kudu hannu rabbana. Mahaifiyata na jin tafiyar ta cika jakar bakko da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, wai na ɗan ƙanwarta. Na ce ina adireshinsa? Ta ce, "Yana kasuwar Ogbete, wajen 'yan albasa. Ka tambaya mana." Da yake damina ce, ta naɗe littafin a leda ta cusa shi tsakiyar jakar don kada ruwa ya taɓa shi. Ta rantse ta gaya mini. Na yarda, don lokacin ina waya, kuma duk abin da ta faɗa "to" nake cewa.

Ana gobe taro na sauka Enugu da hantsi. Mai keke ya kalli hulata, bai ma jira na gama magana ba ya kai ni Ogbete. Na yi ta kewaya layuka, na wuce mai manja guda sau uku har ta fara yi mini dariya. Da ƙyar na samu 'yan albasa, sai ga mutum huɗu masu sunan wanda nake nema, kuma babu shi a ciki. Aka kai ni wurin wani dattijo, shugabansu. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ai yaron nan ya koma Onitsha tun bara. Ajiye jakar, za ta same shi." Na ajiye ina murna na rabu da kaya.

Sai bayan la'asar a masauki na zazzage jakata ina neman littafin. Na zazzage ta sau uku, kamar zai tsiro. Na kira mahaifiyata, ta ce, "Ba na ce maka yana cikin kukar ba?"

Na hau okada na koma. Jaka ta tafi.

"Baba, wace mota ce?"

"Motar mutanenmu."

"Lambarta fa? Ko sunan direban?"

Ya dube ni da tausayi. "Ɗana, zauna tukuna." Ya sa aka kawo mini shayi, ya ɗauki waya. Ina jin sa: ya gajiya, ya ruwa, ya mai jiki, ya kasuwa. Ni na ƙagu, shi yana tambayar lafiyar iyali. Sai can ƙarshe ya ce akwai littafin wani bawan Allah a jakar ɗazu. Ya kashe waya ya ce jakar ta isa Onitsha, amma ɗan'uwan nawa ya bi kaya Fatakwal, saboda haka an ɗora ta a wata motar ta bi shi.

Nan kaina ya ƙulle. Na ce zan tafi Onitsha, ya ce jaka ba ta can. Na ce to Fatakwal, ya ce kafin na isa ta juyo. Na ce wa zan kira? Ya ce, "Ƙarfe nawa ne maganarka gobe?" Na ce biyu na rana. Ya tambayi otal ɗin, bai rubuta ba, ya ce, "Je ka huta." Babu rasit, babu lamba, babu ko sunan mutum ɗaya da zan riƙe. Na tafi ina shirya yadda zan kalli idon matar maigidana.

Washegari na zauna a zauren taro, ban ji ko kalma ɗaya ba. Aka raba takarda na sa hannu a gurbin wani. Aka tashi shan shayi na bi ayarin wani taron daban, har na zauna ina tafi kafin na lura maganar inshora ake yi. Na yi azahar, na dawo, saura kwata a kira ni, ba ni da komai sai biro.

Sai ga wata ma'aikaciyar otal ɗin, 'yar kudancin Kaduna, ta leƙo tana neman mai hula. Ta ce da Hausa, "Malam, kai ne na asibitin dabbobi? Mai suyan bakin ƙofa ya ce a ba ka." Ledar mahaifiyata ce da littafin a ciki, an ƙara ɗaure ta da igiyar buhu. Ma'aikaciyar ta shinshina ta ce, "Wannan daddawar ta gida ce." Na fita da gudu in yi godiya. Mai suya ya ce shi ma wani mai shanu ne ya ba shi, mai shanun kuma daga hannun direba ya karɓa. Sannan ya jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin tebur: busasshen kifi, in kai wa mahaifiyata, in ji ɗan ƙanwarta.

Na hau dandamali na karanta da sunan maigidana, na layin gaba suna ta shinshine-shinshine. Ban damu ba.

Da na dawo gida na kai wa matarsa littafin, ina ba da haƙurin warin da ya ɗauka. Ta kai shi hancinta, ta yi dariya, sai kuma hawaye. "Bar shi haka," ta ce. "Duk duniya ba abin da yake so kamar miyar kuka."

Har yau ban san hannu nawa littafin nan ya bi ba, kuma ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Na je kudu ina ganin ni ne ɗan boko mai tsari, sai waɗanda ba su rubuta komai ba suka rufa mini asiri. Abin yana ba ni kunya, yana kuma yi mini daɗi. Yanzu duk wanda ya tare ni a tasha da ƙulli ya ce in kai wa wani, ba na tambayar adireshi. Karɓa nake yi.