Kason Yaya a Bakin Dam

Ana sallame sallar asuba muka bar Ungogo, ni da yayana, kowa da malafarsa a hannu. Kamun kifi za mu je a dam ɗin da ke gaba da Gezawa, amma gara in faɗa muku gaskiya tun yanzu: ba don kifi na shirya tafiyar ba, don Yaya ne.

Injin niƙa gare shi, da shi yake riƙe da gidansa shekara da shekaru. Da dizal ya yi tsadar da ya yi, injin ya tsaya, Yaya ya ja ƙofar shago ya rufe. Tun daga nan ya daina fitowa majalisa, daga masallaci sai ɗaki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ya karɓar taimako. Na taɓa aika masa da shinkafa, ya sa aka dawo mini da ita, wai a ce ba su rasa ba, alhali matarsa ta tsegunta wa tawa cewa tukunyarsu ta manta ƙamshin nama. Shi ne na yi dabara: abin da mutum ya kama da hannunsa dai ba zai kira shi sadaka ba. Na ce masa ya raka ni don tsoron ruwa nake ji, kuma wallahi wannan ba ƙarya na yi ba.

A tasha kwandasta ya faɗi kuɗin mota, kowa ya yi tsaki, kowa kuma ya biya. Hanyar Gezawa a bazara abin kallo ce. Gona na manne da gona, ba ka gane inda wani ƙauye ya ƙare wani ya fara. Ko'ina an jibge taki tsibi-tsibi ana jiran ruwan farko, jakuna na ta kai da kawowa da mangala, hayaƙin sharar gona na tashi a gindin ɗorawa. A Gezawa muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan yanzu kam sai addu'a, ya koma kamar 'ya'yan kanya, sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa wani abu. Na faɗi haka don Yaya ya yi dariya, ko murmushi bai yi ba.

Daga nan acaɓa muka hau, muka bi wata hanya mai yashi har bakin dam. Lambunan albasa da tattasai sun kewaye ruwan, amma injinan ban ruwa da yawa sun yi shiru, mutane sun koma ɗiba da bokiti.

Mai jirgin da wani abokina ya haɗa ni da shi yana jiran mu. Dattijo ne siriri, mara yawan magana. Shi ke kai baƙi inda kifi yake, fatsa tasa, tana tasa. Ya ce a kan lokaci muka zo, don a bazara ruwa na ja baya, farar karfasa ta taso gindin itatuwan da dam ya cinye. Muka shiga da bismilla, ni na ƙanƙame gefen jirgi kamar wanda za a ƙwace masa shi.

Ba mu jima ba na ji an fizgi zarena. Na ɗago, sai ga karfasa fara tas tana ƙyalli. Na sake jefawa, na sake ɗagowa. Ni da ban san komai ba, ranar ni kifi ya zaɓa. Yaya kuwa fatsarsa shiru. Na ce mu yi musayar wuri, muka yi, kifin ya biyo ni. Na ce mu yi musayar fatsa, duk ɗaya. Can sai ƙugiyarsa ta maƙale a kututture, ya ja, zaren ya tsinke. Ya ajiye sandar a hankali, ya zuba wa ruwa ido.

Jama'a, raina ya ɓaci ƙwarai. Na kawo mutum don ya koma gida da abin hannunsa, ga shi na zaunar da shi yana kallon ƙanensa na cika jirgi. Har na fara jin haushin kifin da nake kamawa.

Jirgin tsoho ne, yana yoyo, ruwa ya kusa idon sawunmu. Mai jirgi kan ajiye filafili ya kwarfe da wani rabin galan, sannan ya ci gaba da tuƙi. Ba wanda ya ce wa Yaya komai, sai ya miƙa hannu ya ɗauki rabin galan ɗin ya shiga kwarfa. Da ruwan ya ragu ya lalubo tsagar, ya samu tsumma ya dinga cusawa da bakin makulli, irin yadda na sha ganinsa yana lallaɓa injinsa. Haka ya yini a durƙushe cikin ranar nan mai ƙuna, mu muna kamu, shi yana kwarfa, har aka kira azahar.

Muka fito muka yi salla a gindin wani mangwaro, muka ci gurasa da soyayyen kifi a wajen matan da ke suya. Sannan mai jirgi ya juye kamun a kan buhu, ya fara kasawa kashi uku. Na zaci nasa zai cire ya bar mana saura. Yaya ya matsa gefe ya ce, "Baba, kashi biyu za ka yi. Ni ban kama ko ɗaya ba."

Dattijon bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Malam, a nan ba ma tambayar ƙugiyar wa ta kama. Kifin jirgi ne. Mai tuƙi da mai kwarfa da mai fatsa, kowa kaso ɗaya, haka muka gada. In ka bar naka, gobe wa zai yarda ya kwarfe mini ruwa? Juya bayanka."

Ashe haka suke rabo. Mutum ɗaya ya juya baya, a nuna tsibi a tambaye shi na wa ne, don kada a ce an fifita wani. Yaya ya juya. Aka nuna, ya ce na Baba. Aka nuna, ya ce nawa. Da ya waiwayo, tsibin da ya rage masa shi ne mai wata babbar karfasa da na sha wuya kafin in fito da ita. Na ce ban yarda ba, a sake. Yaya ya ce, "Ai da bakina na faɗa, ka yi haƙuri," yana ƙulle buhunsa yana dariya ƙasa-ƙasa. Allah Ya saka wa dattijon nan da alheri, bai san abin da ya yi mini ba.

A motar dawowa wata hajiya ta yi ta mita wai ƙarni ya ishe ta. Yaya ya ba ta haƙuri, amma bai yarda an sa buhun a bayan mota ba, a cinyarsa ya riƙe shi har Ungogo.

Abin da na koyo shi ne, ni duk watannin nan so nake in ba Yaya, ban taɓa tunanin in nemi wani abu a wajensa ba. Mutum irinsa kyauta ba ta shiga hannunsa, sai hakkinsa. Na gode wa Allah da dabarata ta rushe, ta masunta ta yi aiki.

Mun iso bayan la'asar. A ƙofar gidansa ya yi sallama da ƙarfi, ya ce a miƙo babbar roba. Na juya zan wuce, sai ya kira sunana. Ya ce, "In an yi magariba ka dawo, kai da iyalinka. Yau a gidana za ku ci tuwo."

Muka je kuwa, har ƙari na yi.