Zarami Mai Kayar da Bijimai

A kasuwar shanu ta Potiskum babu wanda bai san Zarami ba. Shekara ashirin yana loda shanu a tirela, kuma duk bijimin da ya yi gardama shi ake kira. Ya cafki ƙaho, ya murɗe wuya, sai ka ji ƙasa ta amsa. Haƙoransa biyu na gaba kofato ne ya zubar da su. Ga shi da zuciya a kusa.

Da likita ya ce yana da hawan jini, 'yarsa Ummuhani, wadda ke aiki a wani kemis a Dogo Tebo, ta sayo na'urar awon hawan jini. Dariya ya yi mata.

Wata Laraba wani jan bijimi ya tsinke igiya, ya soki Joda, abokin aikinsa, a ciki, ya ɗaga shi ya maka da jikin mota. Zarami ya danne raunin da hannu biyu, amma kafin a kai titi rai ya yi halinsa. Mai bijimin, wanda tun safe aka gaya masa igiyar ta ruɓe, ya ce ai tsautsayi ne. Zarami ya shaƙe shi har idanunsa suka firfito. Da ƙyar mutum biyar suka ɓamɓare shi.

Da azahar Zarami ya faɗo gida jina-jina, ya zaro adda zai koma wa mai bijimin. Ummuhani ta tare ƙofa.

"Baba, dubi idonka. Ƙeyarka fa?"

"Kamar ana sara ta. Matsa!"

"Sai na auna ka."

Ya miƙo hannu a tsaye yana huci.

"A haka ƙarya na'urar za ta faɗa. Zauna ka jingina bayanka, ƙafafu a ƙasa. Minti biyar, ban da magana."

Ya naushi ƙyauren har ya lotsa. Ko gezau ba ta yi ba. Can dai ya zauna.

Ta cire masa rigar, ta ɗora hannunsa kan tebur daidai ƙirji, ta ɗaura masa abin awon a damtse. Ɗari da casa'in bisa ɗari da ashirin. Ta ɗan dakata ta sake, bai sauka ba. A nan ne addar ta suɓuce masa, ya fashe da kuka.

A keke-napep aka kai shi asibiti, ya kwana uku. Bai samu jana'izar Joda ba, abin da har yau ke ci masa rai. Yanzu dusa yake sayarwa a hanyar Nangere, kuma marayun Joda uku a gidansa suke cin tuwo.