Baba Ga-shi-nan Da Ƙaramar Gada

Ƙarfe bakwai saura na kowace safiya, in ka bi hanyar ƙaramar gada, za ka tarar da wani tsohon keke jingine da bishiya. Mai keken yana ƙasa a bakin kogi, durƙushe gaban wani ginshiƙin siminti da aka zana wa lambobi da jan fenti. Zai duba inda ruwa ya tsaya a jikin ginshiƙin, ya ciro littafi daga leda ya rubuta, sannan ya buga waya ofishin kula da ruwa ya faɗa musu lambar. Da rana zai dawo, da yamma ma haka. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki na awon ruwa, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye shi, don gwiwoyi sun ce sun gaji.

Matarsa ta ce ranar da ta haifi 'yarsu ta fari, sai da ya je ya duba kogi kafin ya zo ya duba jaririya, kuma har yau ba ta gama yafe masa ba. Mai shayin bakin gada ya ba ni labarin shekarar da guguwa ta yaye kwanukan rabin unguwa. Kowa na gudun neman mafaka, kwano na shawagi a sama, sai ya hango mutumin nan rungume da ginshiƙi da hannu ɗaya, yana ƙoƙarin rubutu da ɗayan. Ya ce a ransa, wannan tsoho dai ba lafiya ba.

Sunan da muke kiransa da shi ma na tsiya ne, kuma da bakina a cikin masu yaɗa shi. Wata damina can baya ya bi unguwar gangare gida-gida yana cewa, "Ku tashi, ruwa ga shi nan." Mutane suka kwashi tabarmi da awaki suka wuni a tudu cikin rana, ruwan kuwa ya zo bakin ƙofofinsu ya tsaya, ya koma. Daga ranar ya zama Baba Ga-shi-nan. In ya wuce a keke sai wani ya ɗaga murya, "Baba, ya iso ko yana hanya?" Ya kan ɗaga hannu kawai ya ce, "Ku yi dariyarku, ni dai in gan ku da rai."

Ni ce shugabar makarantar firamaren da ke wannan gefen kogi. Yara arba'in da bakwai daga cikin ɗalibanmu a ƙetare gidajensu suke, kuma ba su da hanya sai ƙaramar gada, wadda ba ta da makari ko ɗaya a gefenta. Shekara uku da suka wuce, wata Alhamis, muna tsakiyar jarrabawar ƙarshen zango. Gari garau, rana ta take, kwana huɗu ba mu ga ɗigon ruwa ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga Baba a ƙofar ofishina, wandonsa jiƙe sharkaf har cinya.

"Malama, ki sallami yaran ƙetare yanzu," ya ce. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Baba, jarrabawa suke. Ƙarfe biyu za su tashi."

"Ƙarfe biyu babu gada."

Na leƙa ta taga na nuna masa sama. "Dubi gari fa. Ina hadarin yake?"

Wannan shi ne kuskurenmu mu duka, kuma mun daɗe muna yin sa. Mu sama muke kallo. In ba hadari a kanmu, sai mu ɗauka kogi ma lafiya lau yake, mun manta ruwan da ke cika shi a can nesa yake zuba, a garuruwan da ba mu taɓa takawa ba. Baba ya buɗe littafinsa a kan teburina, ya ɗora yatsa. Tun bakwai bai bar bakin ruwa ba, duk rabin awa yana awo, kuma kowace lamba ta ɗara ta bayanta.

"Ba lambar kaɗai ba, 'yata," ya ce. "Ruwan ya yi ja. Da safe busassun karare yake kawowa, yanzu rassa ne ɗanyu da ganyensu. Ɗanyen reshe ba ya faɗa wa kogi sai an yi ɓarna a sama. Abin da ya karya su yana tafe a bayansu."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Takardun jarrabawar daga sama aka aiko su a rufe, in na katse ta ni za a tuhuma, yara kuma su yi asarar zango. Na ce masa, a gaban malamai biyu, "Haba Baba Ga-shi-nan, wancan karon ma ai haka ka ce." Ina faɗa na ji kunyar kaina, amma girman kai ya hana ni janye maganar.

Ya rufe littafinsa, ya mayar cikin leda, ya zauna daɓas a bakin ƙofata yadda ba mai shiga ba mai fita.

"Ƙararrawa taki ce, ba zan taɓa ta ba," ya ce. "Amma nan zan zauna har ki kaɗa ta. In ruwa bai zo ba, ki ce ni na tilasta ki. Na saba da dariya."

Minti goma na yi ina juya biro a hannu, ina kallon ruwan da ke ɗiga daga wandonsa yana taruwa a kan siminti. Daga nan na ɗauki ƙararrawa na tsallake ƙafafunsa na fita.

Da muka isa gada da yaran, na tsaya na dubi kogi. Ruwa ya riga ya fara shafar samanta, ja wur, yana tafe da kumfa da rassa. Baba ya kwance igiyar da ke ɗaure a bayan kekensa, ya ɗaura bakinta ɗaya a bishiya, ya haye ya ɗaura ɗayan a can. Ya dawo ya tsaya a tsakiyar gada ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, inda duk wanda ya zame zai faɗo masa a jiki. Ya ce a riƙa turo su biyar-biyar, takalma a rataye a wuya, hannu biyu a kan igiya, kada kowa ya kalli ruwa. Malamai suka jeru. Rukunin farko a idon sawu ruwa ya same su. Na ƙarshe kuwa, 'yan aji ɗaya, sai da aka saɓa su a kafaɗa, don ruwa ya kai ƙwaurin manya. Baba ne ya ɗauki ta ƙarshen, ya miƙa wa uwarta da ke jira a ƙetare, ya dawo yana ɗingishi.

Biyu saura kwata ba ka ganin gada. Kafin la'asar kogi ya ɓalle tsakiyarta ya tafi da ita. Washegari namu hadarin ya haɗo, aka kwana uku ana tsuga ruwa, ya shiga gidajen gangare har taga, ya cika mana ajujuwa huɗu da laka. A wannan karon ba wanda ya jira a faɗa masa sau biyu, unguwar gangare duk suna tudu kafin ruwa ya iso.

Baba, kai ne wanda ya yarda a raina shi don wasu su rayu. Kai ne kake sake fentin lambobin nan da hannunka duk rani, ba wanda ya sa ka, ba wanda ya lura. Shekara uku ina wuce ka a hanya ina gaishe ka da ladabi fiye da da, ina zaton hakan ya isa. Bai isa ba. A gaban mutane na ci maka fuska, don haka a gaban mutane nake ba ka haƙuri. Ka yafe mini, Baba, kuma na gode. Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa ka huta hutun da ka cancanta.

Ku kuma jama'a, ga abin da nake so ku ji. Ofis ya buɗe gurbin Baba wata biyu ke nan, har yau ba wanda ya nema, wai aikin ba shi da armashi. Ba zan yi shiru a kan wannan ba. Zan bi gida-gida kamar yadda ya bi, sai an samu wanda zai tsaya gaban ginshiƙin nan kafin damina ta kankama, kuma Baba ya yi alkawarin zai koya masa daga kan kujera. In wanda ya san aikinsa ya ce ku tashi, ku tashi, ko da sau goma za ku wuni a tudu a banza.

Bayan ambaliyar sati uku muka yi ba karatu. Ranar da aka buɗe makaranta, yaran ƙetare a kwale-kwale suka zo. Na hana malaman aji kiran suna, na tara yaran a fili na karɓi rajista da kaina. Na fara daga na farko, ina kira ana amsawa, ina kira ana amsawa, har na kai na arba'in da bakwai, 'yar ƙaramar nan ta aji ɗaya. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ga ni, Malama."